Bargon Ƙyallayen Khala Mujahida

"Ina buhun da ke ƙarƙashin gadon nan?"

Ko gama kwantar da ita ba a yi ba Mujahida ta jefo tambayar. Sa'ud da direban motar asibiti ne suka hau da ita bene a kan kujera, suna haki. Fatsuma matar Sa'ud tana biye da ledar magunguna, 'yarsu Dalal tana gyara matashi.

Fatsuma ta yi murmushin wadda ta yi abin kirki tana jiran yabo. "Tsofaffin jallabiyoyin marigayi? Ai mun fitar masa da su sadaka, Yaya. Ni da Jawahir muka share ɗakin nan tas kafin ki dawo. Mun zuba su a akwatin ƙarfen nan na masu tara tufafi da ke bakin masallaci. Allah Ya kai ladan kabarinsa."

Mujahida ba ta ce amin ba. Ta juya fuskarta bango.

Kowa a benen nan na bayan unguwar Aziziyya a Makka ya san Mujahida Ba'amurkiya, Allah Ya jiƙanta. Baƙa ce doguwa, 'yar wani ƙauye a Alabama. Tana budurwa ta musulunta, ta zo aikin hajji, ta haɗu da Mukhtaru, Bahaushen Makka mai yi wa alhazai jagora, ba ta sake komawa ba. Hausa a bakin dangin miji ta koya, har ta tsufa ba ta iya faɗin ƙofa daidai ba. Mijin kuwa da sunansa take kiransa gatsau, tun matan unguwarsu ta Jarwal suna riƙe baki har suka saba. Allah bai ba su haihuwa ba. Fatsuma tana amarya ta same ta a maƙwabtaka, Mujahida ce ta riƙe mata hannu a naƙudar Dalal. Da aka rushe layinsu na Jarwal don gina otal, mutane suka watse ko'ina, su biyu suka bi juna zuwa bene ɗaya. Yanzu likita ya ja Sa'ud gefe ya ce a kai Mujahida gida, duk abin da ranta ke so a ba ta.

"Yaya, na yi laifi ne?" Fatsuma ta zauna bakin gado.

Tsohuwar ta ce, "Dalal, buɗe saman kabat ɗin can. Sauko da abin da ke naɗe a farin zane."

Dalal ta sauko da shi, suka warware a kan kafet. Wani ƙaton mayafi ne na ƙyallaye, an harhaɗa shi gida-gida. A tsakiyar kowane gida akwai ɗan jan ƙyalle mai kusurwa huɗu, sai sirara-siraran ƙyallaye suka kewaye shi kamar an jera katako, gefe ɗaya masu haske, gefe ɗaya masu duhu.

"Mashallah! Khala, wannan ba rigar makarantata ba ce?" Dalal, wadda ke kiranta Khala, wato inna da Larabci, ta durƙusa tana taɓawa. "Ummi, ga atamfarki ta sunan ƙanwata Manar!"

"Jan nan rigar mahaifiyata ce," in ji Mujahida. "A wajenmu jan tsakiya shi ne murhun gida. Wannan fuskar bargo ce kawai. Bargo hawa uku ne: fuska, auduga, da baya. Fuska ta masu kallo ce. Baya shi ne yake taɓa jikin mai kwanciya." Ta numfasa. "Jallabiyoyin Mukhtaru na ɓoye don bayan. Na ce in Allah Ya yarda sai na kwana a cikinsu ko sau ɗaya ne kafin in tafi."

Fatsuma ba ta tsaya neman takalmi sosai ba. Ta ja abaya, ta sauka bene ƙafa ɗaya silifa ɗinta, ɗaya na Sa'ud. Rana tana dukan kwalta. Ta leƙa bakin akwatin ƙarfen, ta buga shi da tafin hannu, ya amsa mata da ƙarar fanko. Sa'ud ya biyo ta, ya kira lambar da ke jikin akwatin. Mutumin da ya ɗauka ya saurare shi da haƙuri, sannan ya ce da Larabci, "Ya ammi, farar jallabiya kake nema? A Makka? Tarin da ke ma'ajiyarmu ya fi ka tsawo, kuma kullum rabawa ake yi."

A matakalar bene suka tarar da Jawahir, bazawara mai bakin da ba ya gajiya, wadda ta binne miji ɗaya ta kori ɗaya.

"To sai me?" in ji Jawahir. "A sayo sabon yadi fari ƙal. Wa ya taɓa jin an rufa da tsummokaran mamaci? Kuma bargo a Makka, ya jama'a! Ko kuwa a ɗauko tsofaffin na mijinki a ce mata an samo, ina za ta gane?"

"Ba zan yi wa mai shirin gamuwa da Allah ƙarya ba."

Fatsuma ta faɗi haka tana kallon mijinta, sai idonta ya tsaya a aljihunsa na dama. Akwai ɗan faci a bakin aljihun, da ɗinki ƙanana a jere kamar ƙwayar riɗi. Ita dai ta san hannunta bai taɓa yin irin wannan ba.

"Baban Dalal, wannan jallabiyar ta wa ce?"

"Tawa mana."

"Kafin ta zama taka!"

Sa'ud ya dubi jikinsa. "Ai ta marigayi Mukhtaru ce. Wadda 'yan'uwansa suka ba ni ranar sadakar uku."

"Cire!"

"A nan? A matakala? Ke, ki ji tsoron Allah!"

"Yalla, shiga ciki ka cire!"

Sai a lokacin abin ya faɗo mata duka. Ranar da aka raba kayan Mukhtaru, Mujahida 'yan kaɗan ta iya ɓoyewa a buhu. Sauran kuwa, 'yan'uwansa sun bi mazan layi da su ɗaya bayan ɗaya, yadda aka saba. Mukhtaru kuwa mutum ne mai son farin kaya, ya tara su da yawa.

Fatsuma ta karɓi wayar Dalal, ta danna zauren matan tsohon layinsu na Jarwal, ta yi magana tana haki: "Salamu alaikum, 'yan'uwa, Fatsuma ce ta Sa'ud. Mujahida ba lafiya, jikin ya yi nisa. Duk wadda mijinta ko ɗanta ya karɓi jallabiyar Mukhtaru, ta bincika. Ko ta yage, ko ta zama tsumma, a kawo. Ku duba aljihun dama, akwai faci. Don Allah yau, ba gobe ba!"

Kafin la'asar wayar ta fara ruri kamar ana biki. Wata tana cewa ta ga ɗaya a ƙasan akwati. Wata tana cewa nata mijin yana sanye da ita a kasuwa, amma ta aika a tuɓo shi. Wata kuma kuka kawai ta turo.

Washegari da hantsi aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Matan da aka yi shekaru ba a haɗu ba suka yi ta cika ɗakin, kowace da ƙunshinta a hammata, ana rungume-rungume, ana "Ke, kin yi ƙiba!" ana "Ina wannan ɗan naki mai kuka, har ya yi aure?" Matar ladanin tsohon masallaci ta kawo ɗaya a goge, tana ƙamshin turare. Matar mai gasa burodin tamis ta kawo wata da ƙuna a hannun riga. Wani direban bas ya aiko da tasa, da tabon baƙin mai a gaba, ya ce a daren Muzdalifa motarsa ta mutu ya shiga ƙarƙashinta da ita. Akwai wadda rabinta kawai ya rage, don an daɗe ana goge gilashin mota da ita.

Aka tada Mujahida zaune da matasai. Kowace aka miƙa mata, ba ta kallo, sai ta lalubi aljihun dama da yatsa.

"Tasa ce. Makullai ne suke yaga masa nan, na yi magana har na gaji." Ta shafa wata. "Wannan ma." Da ta zo kan wata mai sabon wuya sai ta yi ɗan murmushi. "Wannan ba ta Mukhtaru ba ce."

Matar da ta kawo ta sunkuyar da kai. "Khala, tamu ta ɓace a ƙaura. Na kasa zuwa hannu sake."

"Ku sa ta a ciki," in ji Mujahida. "A gefen ƙafa."

Nan take almakasai suka fito. Aka farke ɗinki, aka cire wuya da maɓallai, aka wanke, aka shanya a saman bene. Ranar Makka ba ta ɓata lokaci, kafin a idar da azahar sun bushe ƙayau. Aka haɗa su falle ɗaya babba, fari amma ba fari iri ɗaya ba, wani ya ja ruwan madara, wani ruwan toka. Mujahida ta hana a yanke tabon mai da ƙunar. Sa'ud ya samo auduga wajen mai katifa, ya samo dogayen katako huɗu. Da Mujahida ta ce masa a silin ake rataye su da igiya, yadda kakarta ke yi, sai ya dubi silin ɗin, ya dubi matarsa.

"Mai benen nan zai kore mu."

"Ya zo ya same ni," in ji Fatsuma. "Huda."

Ya huda. Aka shimfiɗa bayan a kan katakan aka ɗaure tamau, aka baje auduga, aka ɗora fuska. Abin yana lilo a tsakiyar ɗaki daidai cinyar mai zama, mata suka kewaye shi a kan kujeru, gwiwa na gugar gwiwa.

"A ƙauyenmu ba a gama bargo mutum ɗaya," in ji Mujahida daga kan gado. Muryarta ta dawo kamar ba ita ba. "Fuska kina iya haɗawa ke kaɗai, shekara da shekaru. Amma ranar haɗa hawa uku sai maƙwabta. To ku saurara. Hannu ɗaya a sama da allura, ɗaya a ƙasa. In kin ji tsinin ya taɓa yatsanki na ƙasa, ki juyo da shi sama. Ƙullin zare kuma ba a barinsa a waje. Ki fizga kaɗan har ya shige cikin auduga ya ɓuya."

"Wayyo!" Dalal ta zaro hannu, ga ɗigon jini a kan farin ƙyalle. "Khalas, shi ke nan, na ɓata!"

"Tofa masa yawunki ki murza. Naki, ba na uwarki ba. Jinin mutum yawunsa ne ke fitar da shi."

Dalal ta tofa tana yatsina fuska. Tabon ya dushe, mata suka sa shewa.

Mujahida ta sa aka kawo mata gefen Jawahir kusa da ido. "Jawahir, wannan ɗinki ne ko shinge? Kakata in ta ga irin wannan cewa take, babban yatsan ƙafa zai maƙale a ciki."

"Ni da na yi shekaru ina ɗinkin hula!"

"To kan mijinki ne ya sha wahala. Farke."

Jawahir ta farke tana ƙunƙuni, ana ta yi mata dariya.

Haka aka wuni, aka sake wayewa a kai. In an gama iya inda hannu ke kaiwa, sai a kwance katako a naɗe gefen, a matso ciki. Shayi ba ya sauka daga wuta, ana shigo da tamis da wake, wata ta soyo ƙosai. Mujahida tana ba su labari guntu-guntu. Ta ce kakar kakarta baiwa ce a gonar auduga, auduga ta wuce ta hannunta dami-dami amma ba ta da mayafi, sai abin da ta tsinta. Ta ce a gidansu ba a sayen yadi don bargo. Wandon aikin gona in ya mutu, da buhun fulawa, da rigar da yaro ya fi ƙarfinta, su ne kayan aiki. Ta ce sanyin can yana shigowa ta tsagar bango, ana jibga wa yara barguna har ba sa iya juyi. Da magariba a ja katakon sama da igiya don a sami wurin kwana, da safe a sauko da shi.

"Suna waƙa in suna yi?" Dalal ta tambaya.

"Ba sa yin shiru. Waƙar coci suke yi."

"To mu salati za mu yi," in ji matar ladan. Ta ɗauko, sauran suka amsa, allurai suna hawa suna sauka.

Fatsuma ce kaɗai ba ta sake ba. Hannunta yana kan bargo, idonta yana kan gado. Ta ga Mujahida ta daina karɓar ko da cokalin kunu. Ta ga labarin yana yankewa a tsakiya, barci ya ɗauke ta, ta farka ta tambayi inda aka kai. Ta taɓa ƙafafunta ta ji su sanyi ƙalau, alhali an kashe na'urar sanyaya ɗaki, mata suna ta gumi.

Jawahir ta raɗa mata, "Akwai tela a ƙasa. Ya bi sauran da keke, kafin shayi ya huce ya gama. Kar mu zo muna da-na-sani."

Fatsuma ta dubi abin da ya rage, ta dubi ƙirjin tsohuwar yana hawa da ƙyar. Sai ta ce da ƙarfi, "Dalal, ƙwanƙwasa kowace ƙofa a benen nan. Duk macen da ke da yatsu ta zo!"

Suka zo, har da 'yar Indunusiyan hawa na biyu da ba ta jin Hausa ko kaɗan, wadda ɗinkinta ya fi na kowa kyau. Wuri ya ƙare, wasu suka tsaya a tsaye suna sa wa masu ɗinki zare a allura. Yatsun Fatsuma suka huhhuje, ba ta ko ji ba. Bayan azahar Samah, 'yar matar ladan, ta ɗaga kai ta ce, "Na haɗu da Manar!" Ɗinkin gefe da gefe ya gamu a tsakiya. Saura ɗan wuri kamar tafin hannu, kusa da wani jan ƙyalle.

Fatsuma ta sa aka sassauta igiyoyi, aka karkato katakon har kan gado. Ta sa wa Mujahida hular yatsanta ta ƙarfe, wadda ta zo da ita daga Alabama, yanzu tana yi mata yawa. Ta riƙe mata wuyan hannu. Allurar ta shiga tana rawa, ta fito, ta sake shiga. Ɗinkin ya fito manya-manya, a karkace.

Jawahir ta leƙo. "Yaya, wannan ɗinki ne ko shinge?"

Mujahida ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Aka sauke bargon, aka kalmashe bakinsa ta kowane gefe cikin gaggawa. Fatsuma ta ɗauko za ta rufa mata, sai tsohuwar ta ɗaga yatsa.

"Saura kyanwa."

"Kyanwa kuma?"

"Sabon bargo, 'yan mata ke kama kusurwa huɗu, a sa kyanwa a tsakiya a girgiza. Wadda ta yi tsalle ta wajenta ita za ta riga aure. Wasa ne, matar ladan, kar ki harare ni."

Ɗakin ya kaure. Dalal ta fita da gudu ta dawo da jar kyanwar nan da ke kwana a matakala, tana ta mutsu-mutsu. Dalal ta kama kusurwa, Samah ta kama, Manar ƙanwar Dalal ta kama. Aka rasa ta huɗu.

"Jawahir ba ta da miji!" wata ta faɗa.

"A'uzubillahi! Ni na gama da wannan wahala!"

Aka turo ta, ta kama tana zagi. Aka jefa kyanwa tsakiya. "Yalla! Girgiza!" Bargon ya yi sama ya yi ƙasa, launuka suna walƙiya, kyanwa ta baje farata ta kumbura wutsiya. Ta dubi Dalal, ta dubi Samah, sai ta daka tsalle ta bi ta kafaɗar Jawahir, ta tafi da gyalenta har ƙofa.

Guɗa ta tashi. Mata suka faɗi kan juna. Sa'ud yana daga waje yana tambaya lafiya, aka ce masa ya fara neman wa Jawahir na uku. Mujahida hawaye ne ke bin kuncinta, bakinta a buɗe, dariyar ba ta da sauti.

Da aka natsu, Fatsuma ta kakkaɓe bargon, ta rufa mata shi tun daga ƙafa har haɓa, farin bayan yana kan jikinta. Mujahida ta jawo gefe ta kai hanci, ta shaƙa a hankali.

"Turaren ladan," ta ce. "Ga hayaƙin tanda. Ga man mota." Ta lumshe ido. "Mukhtaru, ashe bayan ka tafi ma ba ka daina yawo ba."

"Kin ji ɗumi, Yaya?"

"Na ji, ƙanwata. Kunna na'urar nan, kar baƙina su narke."

Aka kira la'asar, mata suka tashi alwala ɗaya bayan ɗaya. Fatsuma ta yi tata sallar a gefen gado. Da ta sallame ta ga leɓɓan tsohuwar suna motsi, ta matsa ta yi mata kalmar shahada a kunne, ta ji ta amsa. Rana ba ta faɗi ba Mujahida ta cika, yatsunta a cikin wani aljihu mai faci da aka bari a bayan bargon.

Likkafaninta fari ne kamar na kowa. Maza suka kai ta Harami, aka sallace ta bayan asuba tare da sauran mamatan ranar. Bargon ya tsaya a gida.

Da hantsi Fatsuma ta hau ɗakin ita kaɗai. Igiyoyin nan huɗu suna nan rataye a silin, guntayen zare a warwatse a kan kafet, kofunan shayi ba a kwashe ba. Ta zauna bakin gado, ta jawo bargon kan cinyarta, ta yi ta bin ɗinkin da yatsanta mai ciwo har ta kai kan manyan nan karkatattu. A nan ta tsaya. Ƙofar da ta bari a buɗe ta ɗan motsa. Jar kyanwar ta shigo, ta shinshina ƙafar gado, ta hau, ta zagaya, ta kwanta a kan farin gefen.